Me ya sa sabuwar kwamfutar ƙwararru ke wuyar samu a Ikeja? Fashin baƙi kan dokokin kariya

Waya ba ta wuyar samu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Ka faɗi sunan wadda ta fito makon jiya, kafin ka rufe baki yaron shago ya ruga ya kawo maka kala uku. Laftof ma haka take. Amma shiga layin Otigba ka ce kana neman babbar kwamfutar girke ta aikin ƙwararru, irin su HP Z8 ko Dell Precision ko Lenovo ThinkStation, sabuwa dal a kwalinta da garantin kamfani, sai ka ga mai shago ya gyara zama. Amsar da aka fi ji ita ce, "Alhaji, wannan sai dai a yi maka oda." Ka ajiye kafin alƙalami, ka jira makonni, farashin ƙarshe kuma sai ranar da kaya suka sauka. In ba za ka iya jira ba, ga tokumbo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, nan jere a ƙasa, ka zaɓi wadda ta yi maka.

Kowa ka tambaya dalili, dala zai ce maka. Ba ƙarya ya yi ba. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma babu ɗan kasuwar da zai jibge kayan miliyoyi a shago yana kallon jarinsa na narkewa. Sai dai dalar nan ita ce ta shafi waya da laftof ma, ga su kuwa fal kasuwa. Akwai wani dalili na biyu da ba a cika zancensa ba, wato dokokin kare lafiyar mai amfani da kayan lantarki, da takardun da ke tafe da su. Abin da nake son nunawa shi ne, nauyin waɗannan dokoki ya fi sauka a kan kayan da masu sayensu ba su da yawa, kuma a Legas hakan ya tura ƙwararru zuwa ɓangaren kasuwar da babu mai duba lafiyarsa ko kaɗan.

Mutanenmu na cikin wannan lamari dumu-dumu. A Agege da Idi-Araba da Obalende akwai matasa masu tace bidiyon biki da na talla da gajerun fina-finai. Akwai masu zanen gine-gine da safiyoyi, akwai masu shirya aikin ɗab'i suna kai wa maɗaba'un Shomolu. Ga kuma 'yan kasuwar da ke saro kaya a Ikeja su loda zuwa titin Beirut a Kano ko zuwa Kaduna, ta yadda abin da ya yi ƙaranci a Legas washegari zai yi ƙaranci a Arewa. A can ƙarshen layin kuma ga 'yan jari bola, waɗanda kwamfutar ke komawa hannunsu in ta mutu. Zan dawo kansu.

Kwamfutar ƙwararru ba babbar kwamfutar ofis ba ce kawai. An ƙera ta ne don ta kwana ta wuni tana aiki ba ta gaza ba. Tana ɗauke da firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, irin su Xeon ko Threadripper, da ma'adanar wucin gadi mai gyara kuskuren lissafi da kanta, da katin hoto ɗaya ko biyu masu nauyi. Duk wannan wuta yake ci. Cajar laftof ta ofis wat 45 ce zuwa 65. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ƙwararru, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, yakan kai wat 700, manyan ma su wuce 1,000. Katin hoto na RTX 4090 shi kaɗai wat 450 yake ja. Wuta mai yawa haka a cikin akwatin ƙarfe, da fankoki masu gudu, da zafi, kusa da hannun mutum da takardunsa da labulen ɗakinsa, dole a samu wanda zai tsaya ya ce ga iyaka. Wannan shi ne aikin ƙa'idojin da hukumar IEC ta duniya, mai tsara mizanin kayan lantarki, ke fitarwa, ƙasashe kuma su ɗauka su mai da su doka.

Misalin da ya fi fito da lamarin fili ya faru ne a Turai a 2013. A ƙarshen Janairun shekarar, kamfanin Apple ya sanar da dillalansa cewa daga ranar 1 ga Maris zai daina sayar da kwamfutarsa ta ƙwararru, Mac Pro, a ƙasashen Tarayyar Turai da wasu maƙwabtansu. Ba gobara ta yi ba, ba kuma wani ta kashe ba. Gyara aka yi wa ƙa'idar IEC 60950-1, wadda ita ce ke kula da lafiyar kayan kwamfuta a lokacin, gyaran kuma ya ƙara tsaurara abu biyu da suka shafi wannan inji: kariyar da ke hana yatsa kaiwa ga fanka mai juyawa, da kariyar wutar da ke fita ta kafofin da ake jona kaya. Mac Pro ta lokacin ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. An bar dillalai su ƙarar da abin da ke hannunsu, daga nan shi ke nan. Sabon samfurin bai fito ba sai a Disamba. Kusan wata goma kenan mai tace fim a Landan ko Faris ba shi da hanyar yi wa kamfanin odar wannan kwamfuta.

A lura da kyau, dokar ba ta ce a daina sayar da Mac Pro ba. Cewa ta yi a gyara. Kuma ba kwatsam ta zo ba, domin an fitar da gyaran tun 2009, aka ba kamfanoni shekaru su shirya. Shin kamfani mai arzikin Apple ya gagara sa wa fanka raga ne? Ko alama. Lissafi ya yi. Kwamfutar ta tsufa, rabonta da sauyi na kirki tun 2010, wadda za ta gaje ta tana hanya, masu sayenta kuma ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da masu sayen iPhone. Sake fasalin inji, da sake kai shi ɗakin gwaji, da sake takardu, saboda cinikin 'yan watanni, bai ga riba a ciki ba. Da a ce iPhone ce dokar ta taɓa, da an gyara ta tun kafin ranar ta zo. Wannan shi ne zuciyar maganar: doka ba ta cika korar kaya daga kasuwa kai tsaye ba, sai dai ta ɗora kuɗi a kan kowane samfuri, kamfani kuma ya duba ko masu sayen samfurin sun kai su biya.

Irin haka ta sha faruwa. A 2006, da dokar Turai mai taƙaita dalma da wasu sinadarai masu guba a kayan lantarki ta fara aiki, an janye wasu tsofaffin kaya daga kasuwar maimakon a sake ƙera su. A Yulin 2021 kamfanin Dell ya daina aika wasu nau'o'in kwamfutocin Alienware zuwa jihohi shida na Amurka, ciki har da Kalifoniya, saboda ƙa'idar cin wuta, duk da dai wannan ta tattalin makamashi ce, ba ta kariya ba. Ita kanta IEC 60950-1 ta kau, IEC 62368-1 ta maye gurbinta, a Turai tun 20 ga Disamban 2020.

To, in kasuwa mai girman Turai za a iya juya mata baya na wata goma, ina ga Najeriya?

Sabuwar kwamfuta da za ta shigo ta Apapa ko Tin Can ko filin jirgin Murtala Muhammed a matsayin hajar kasuwanci tana ƙarƙashin shirin SONCAP, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta ɓullo da shi a 2005. Tsarin hawa biyu ne. Da farko ana buƙatar takardar shaidar samfurin kansa, wadda ake bayarwa bisa rahoton gwaji daga ɗakin gwajin da aka amince da shi, ta hannun kamfanonin da SON ta wakilta a ƙasashen waje, irin su Intertek da SGS da Cotecna. Da wannan takarda ake buɗe Form M, wato fom ɗin shigo da kaya, a banki. Sannan kowane lodi yana buƙatar tasa takardar SONCAP kafin Kwastam su fitar da takardar tantance kaya da ake kira PAAR a fara maganar fito da su. In kwamfutar tana da Wi-Fi ko Bluetooth a jikinta, kamar yadda da yawa suke a yau, hukumar sadarwa ta NCC ma tana da tata amincewar da ake nema a kan na'urorin da ke watsa sigina.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ce rashin hankali ne. Matsalar tana wajen rabon kuɗin. Kuɗin takarda da na ejan da na jira kamar shatar mota ne daga Agege zuwa Kano: ko mutum uku ne a ciki ko mota ta cika, direba abu ɗaya zai karɓa. Dillalin da ya shigo da laftof dubu biyar iri ɗaya, in ya raba kuɗin takardu a kansu, ko ji ba za a yi ba. Wanda ya shigo da kwamfutar ƙwararru goma sha biyu, kowace sai ta ɗauki kaso mai tsoka. Ga shi kuma irin wannan kwamfuta ba a cika sayenta yadda take a kanta ba. Mai zanen gini yana son wani katin hoto, mai tace bidiyo yana son wani, wannan fawa-fak ɗinsa ƙarami, wancan babba. Kowane bambanci a lambar samfuri na iya jawo tambaya a tashar jiragen ruwa in abin da ke kwali bai yi daidai da abin da ke takarda ba, kwantena kuma tana zaune kuɗin jinkiri na hawa kullum, naira na motsi. Mai hankali a cikin dillalai sai ya ce ba zai ajiye ba. In banki ko kamfanin mai ko gidan talabijin ya yi odar guda hamsin, a shigo masa da su. Yaron da ke son guda ɗaya a Agege ya bi layi, ko ya nemi wata hanya.

Hanyoyin kuwa uku ne, kuma duk ukun sun kauce wa gwajin. Ta farko ita ce a roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga Dubai ko Amurka ya riƙo, ko a bi ta masu kago. Inji ne mai kyau, sai dai sau da yawa garantinsa na can ƙasar da aka saye shi, fulogin wayarsa kuma ba irin namu ba ne. Ta biyu tokumbo. Ta uku haɗin gida.

Maganar tokumbo ita ce ta fi ɗaure kai, kuma a nan ne nake ganin tsarin namu ya bar ƙofa a buɗe. A jerin kayan da SONCAP bai shafa ba akwai kayan da aka riga aka yi amfani da su, in ban da motoci. Ma'ana, sabuwar kwamfutar da ta fito daga masana'antar HP, wadda aka riga aka gwada ta a manyan ɗakunan gwaji na duniya, ita ce ake bi da takardu. Wadda ta shekara takwas tana aiki a wani ofis a Jamus, aka tuɓe ta, aka cusa a kwantena ta sha gishirin teku, wannan ba ruwan SONCAP da ita. Tana hannun wata hukumar ce daban, NESREA, mai kula da muhalli.

Ita NESREA tana da dalilinta mai ƙarfi, kuma ya kamata mu san shi. A 1988 aka gano sama da tan 3,000 na sharar masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Abin ya girgiza ƙasar, gwamnatin soja ta lokacin ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. A shekarar da ta biyo baya duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai haɗari. Da kwamfuta ta yawaita, sai sharar ta sauya kama. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta zo Legas ta ɗauki hotunan tulin matattun kwamfutoci ana ƙona su, ta kuma ruwaito cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan ke shigowa duk wata, mafi yawansu ba sa moruwa. Aka kafa NESREA a 2007, ta fitar da dokokin kayan lantarki a 2011. Mai shigo da tokumbo sai ya yi rajista, kayan kuma sai sun kasance masu aiki. A farkon 2013 an tsare wani jirgi a Tin Can saboda kwantenonin matattun kayan lantarki da suka taso daga Ingila.

Duk da haka ɓarakar ba ta toshe ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Basel ta Afirka da ke Ibadan, inda aka sa ido a tashoshin Legas a 2015 da 2016, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne hanyar shigowar: kusan kashi 70 cikin ɗari a cikin tsofaffin motoci aka cuso su, ba a kwantena ba.

Wa ke kwasar dafin wannan shara? Je ka bolar Olusosun a Ojota, ko bayan kasuwar Alaba, ka saurari harshen da yaran da ke fasa allunan kwamfuta da guduma suke yi. Da yawansu namu ne, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara. Su ke ƙona waya don su ciri jan ƙarfe, su ke shaƙar hayaƙin roba da dalma ba safar hannu ba takunkumi. Saboda haka in na ji ɗan kasuwa yana tsine wa NESREA don ta riƙe masa kaya, nakan fahimci zafin asararsa, amma ba na iya taya shi. Dokar nan huhun ƙannenmu take karewa. Daga 1 ga Janairun 2025 ma yarjejeniyar Basel ta ƙara tsauri, bisa shawarar da Gana da Suwizalan suka gabatar, ta yadda duk wata sharar lantarki sai an nemi izinin ƙasar da za a kai wa tukuna. Wannan zai sa masu tura kaya daga Turai su ƙara kashe kuɗi wajen gwadawa da rubuta shaidar cewa kayansu masu aiki ne, ba shara ba, kuɗin kuma a kan mai saye zai ƙare. Ni dai na yarda a biya wannan.

Sai dai tambayar da NESREA ke yi ita ce, tana aiki ko shara ce? Ba ta tambayar ko za ta ja mutum, ko za ta kama da wuta. Kwamfuta tana iya tashi lafiya lau, allo ya kawo, alhali robar wayoyin cikinta ta bushe, fankar fawa-fak ɗinta ta cushe da ƙura, ƙananan tulunan ajiyar wuta da ke cikinsa sun kumbura. Wanda aikinsa duba lafiyar lantarki ne an ce tokumbo ba tasa ba ce, wanda tokumbo ke hannunsa kuma aikinsa muhalli ne. A tsakaninsu ne da yawa daga kwamfutocin ƙwararru da ke aiki a Legas suke wucewa.

In an yi adalci, tokumbon HP Z440 ko Dell Precision ba abin rainawa ba ce. An ƙera su da ƙarko, sun ci jarrabawar kariya a lokacin da suke sababbi, kuma su ne suka ba dubban matasa damar fara sana'a da kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Haɗarin yakan shigo ne bayan an saya. Fawa-fak ɗin irin waɗannan injuna siffarsa da kan wayoyinsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba a samun sabo a kasuwa cikin sauƙi, in ya mutu sai a ciro daga wata matacciyar. Sannan mai ita yana son ya sa katin hoto na zamani mai cin wuta fiye da abin da aka tsara mata. Sai injiniya ya ce, "Oga, ba matsala, akwai adafta," ya jawo wuta daga siririyar wayar da aka yi don faifan ajiya ya kai wa katin da ke jan wat ɗari biyu ko uku. Za ta yi aiki yau, za ta yi gobe. Ranar da aka bar ta tana fitar da bidiyon awa uku cikin dare, a ɗakin da babu iska, ita ce ranar da robar ke narkewa.

Haɗin gida kuwa, wato a sayi kowane sashe daban a harhaɗa a Otigba, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da aljihu da buƙata, kuma muna da yaran da suka ƙware a kai ƙwarai. Amma babu wanda ya taɓa gwada injin a matsayin abu guda, lafiyarsa ta rataya ne kacokan a kan ingancin sassan. Mai saye yakan zuba kuɗinsa a firosesa da katin hoto, in an zo kan fawa-fak sai ya ce a sa mai sauƙi. Nan ne jabu ya fi yawa. Za ka ga an rubuta wat 850 a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau. Tambarin CE na cika ƙa'idojin Turai da ake nuna maka iƙirari ne na wanda ya ƙera, ba shaidar cewa wata hukuma ta gwada ba, kuma buga shi a kwali ba ya gagarar kowa. Tambarin 80 Plus na tattalin wuta ne, ba na kariya ba. Wayar wutar ma akwai mai siririn ƙarfe a ciki da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, akwai fulogi mai baki uku wanda babu fis a cikinsa.

Ko kayan ƙwarai ma sukan zo da aibi, kuma a nan ne ake ganin amfanin shigowa ta ƙofa. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sanar da janye akwatin kwamfuta samfurin H1 na kamfanin NZXT saboda haɗarin gobara. Bayan fitowar RTX 4090 a 2022 an yi ta samun rahoton narkewar kan wayar wutarsa, har aka sake fasalin mahaɗin. Wanda ya saya a hannun dillalin da kamfani ya sani, saƙo zai same shi, a canza masa. Wanda nasa ya zo a jakar matafiyi ko a bayan tsohuwar mota, babu rajistar da sunansa ke ciki.

Sannan ga abin da babu wata ƙa'idar Turai da ta hango mana. Duk gwajin da ake yi wa kwamfuta mai jikin ƙarfe an gina shi ne a kan cewa baki na uku na soket yana haɗe da ƙasa, domin in wuta ta ɓalle ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Gidaje da shaguna nawa ne a Legas ke da wannan haɗin da gaske? Ɗan jan da mutum ke ji in ya taɓa bayan kwamfuta ba takalmi alamar rashinsa ce. Ƙara da wutar da ke hawa da sauka, da sauyawa daga ta kamfanonin rarraba wuta na Ikeja Electric ko Eko zuwa janareta sau da yawa a yini. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Manyan injunan zamani suna daidaita kansu, amma tsofaffi da masu araha suna da ɗan jan makunni a baya, wanda in an manta ba a mayar da shi kan 230 ba, jonawar farko ce ta ƙarshe.

Ba na cikin masu cewa a sassauta dokokin kariya don kaya su yi araha. Garin da kasuwanninsa ke yawan ƙonewa, ana kuma yawan ɗora laifin a kan lantarki, ba ya buƙatar ƙarin sakaci. Abin da nake gani shi ne an ɗora ƙarfin a inda haɗari ya fi ƙaranci. Injin da babban kamfani ya ƙera, da rahoton gwaji bisa IEC 62368-1 daga ɗakin gwajin da duniya ta yarda da shi, ya cancanci rajista guda mai sauri wadda za ta rufe dukan dangin samfurin, kuma SON da NCC da Kwastam su riƙa ganin takardar a wuri ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin haɗe takardun shigo da kaya a dandali guda a 2024, ma'aunin nasararsa a wurina shi ne ko ƙaramin dillali zai iya shigo da inji biyar ba tare da takardu sun cinye ribarsa ba. Ƙarfin da aka rage a nan sai a mayar da shi kan fawa-fak da wayoyi da fulogi da soket mai doguwar waya, waɗanda ke shigowa da yawan gaske kuma su ne ke tada gobara.

Ita kuma tokumbo, akwai gwaji mai sauƙi da ake yi wa kayan lantarki na ofisoshi a Ingila, na duba ko haɗin ƙasa yana nan da ko rufin wayoyi bai lalace ba. Na'urar ta hannu ce, aikin na 'yan mintuna ne. Ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar dillalan kwamfuta ta CAPDAN, ko shugabannin layuka a kasuwa, za su iya kafa teburin gwaji a manna wa injin da ya wuce takarda mai kwanan wata. 'Yan kasuwarmu masu lodi zuwa Arewa, da yake da yawa suke saye, suna da bakin da za su ce ba sa ɗaukar wadda ba ta da wannan takarda.

Lokacin yin hakan ma yanzu ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da yawancin firosesoshin da suka girmi 2017 ba, ciki har da na Z440 da tsararrakinta. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan injuna, kuma sanannen abu ne inda da yawansu za su nufa. Za su zo da araha mai jan rai, da shekara takwas ko goma a kansu. Wanda zai saya ya sa a buɗe murfin a gabansa, ya karanta takardar da ke jikin fawa-fak ya ga wat nawa ne da iyakar bolt ɗin da yake ɗauka, ya tabbatar katin hoton yana shan wuta ne daga wayar da aka yi dominsa ba ta adafta ba, ya sa a ɗora mata aiki mai nauyi na aƙalla awa guda a shagon kafin ya biya. Cikin kuɗin da ya ware, ya cire na UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai ƙarfin da ya dace da injin, da na sabuwar wayar wuta mai fis, da na mai gyaran lantarkin da zai zo ya kafa sandar ƙasa a shagonsa kafin a jona ta.